Kantin Magani a Ciki

A bencin jiran likitan jijiya, wani kafinta mai tumbi yana cin burodi da hagu, hannun damansa kwance a cinya. Wata tsohuwa mai sanda ta zauna kusa da shi.

"Sannu, bawan Allah. Hannun ne?"

"Shi ne, Iya. Zarto ya yanke min jijiya, ko ƙusa ba na iya riƙewa. Amma likita ya ce akwai sabon magani. A zuƙi kitsen cikin mutum, a tace wasu ƙwayoyi, a zuba wa jijiyar ta sake tsirowa."

"Ikon Allah! Shi ya sa kake ta ci?"

"Tanadi nake yi. Matata tana ta mita, na ce mata wannan ba tumbi ba ne, kantin magani ne."

"Yaushe za a yi maka?"

"To... wai tukuna a jikin ɓeraye ake gwadawa."

"Kafin layi ya zo kanka fa, me ya ce ka yi?"

"In riƙa matsa ƙwallon roba. Iya, zafi kamar ana soka min allurai! Na bar wa yara."

"Ni da ƙafata ta fara wannan zafin, barka likita ya yi min. Ya ce jijiyar ce ta farka."

Nas ta leƙo ta kira kafinta. Ya yunƙura, benci ya yi ƙara, ya koma daɓas.

"Iya, ɗan ara min sandarki."

"Zauna abinka, ɗana. Kantin magani ai zuwa wurinsa ake yi."