Rawanin Ustad Miraj Din

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malam liman, ina gaisuwa. Kansilan unguwarmu, sannu da zuwa. Dakta Parwez na sashen ƙashi, mun gode da ka baro asibiti ka zauna a tabarma tare da mu. Shugaban ƙungiyar maɗora da jama'arsa, yau na gan ku, ko da yake ranar jana'iza na duba ban gan ku ba. 'Yan kokawar garinmu Gujranwala manya da ƙanana, sannunku. Bibi Sugra, matar marigayi, ke da matan da ke bayan labule, Allah Ya ƙara haƙuri.

Yau kwana arba'in da muka kai Ustad Miraj Din, gwanin kokawa kuma maɗorin unguwarmu, makwancinsa. Bayan addu'a za a ɗauko rawaninsa a naɗa wa wanda zai gaji shagon ɗori, kuma iyalinsa sun ce ni, Allah Ditta, ni zan naɗa. Tun shekaranjiya ake aiko mini cewa in naɗa wa Tufail, ɗan ƙanensa, in koma in zauna ba tare da dogon surutu ba. To, surutun dai sai na yi.

Kowa a nan ya san wannan dungun hannuna na hagu, amma yaran yanzu ba su san mafarinsa ba. Shekara talatin da huɗu da suka wuce aka kayar da ni a fage, na dafa ƙasa, na ji ƙaras a sangalin hannu. Ustad ya ja, ya daidaita, ya shafa ƙwai da gangamau, ya jera gora ya ɗaure tamau, yadda ubansa ya koya masa. Washegari hannu ya kumbura, ciwo kamar an sa shi a murhu. Na je shago, abokan fage suna tsaitsaye. Ya ce, “Ditta, da zafi?”

Na ce, “Wane zafi, Ustad? Cizon sauro ma ya fi shi.”

Ya bubbuga kafaɗata ya ce, “Haka nake son ji. Zaki ba ya kuka.”

Kun san halinmu. Ɗan kokawa gara ya mutu da ya ce wayyo a gaban sa'o'insa. Kwana na huɗu yatsuna suka yi baƙi, suka daina jin komai, a asibiti aka yanke daga gwiwa. Shi ya matse ɗaurin, ni kuma na yi masa ƙarya. Mu biyu muka kashe hannun nan, kuma ban taɓa bari wani ya ɗora masa shi kaɗai ba.

Ya kasance mutumin da bai ɓoye kuskurensa ba. Wani maɗorin da sai ya ce ƙaddara ce, ko maita, ko mara lafiyan ya sha tsami. Shi rufe shago ya yi. Babban gwani mai gashin baki, wanda ya kayar da maza daga nan har Lahore, ya tafi ɗakin filasta na asibiti, inda ake ɗaure karaya, yana riƙe wa ma'aikata bokiti shekara biyu cur, don kawai ya koyi karanta hoton ƙashi. Mun yi masa dariya, har da ni. Da ya dawo ya ce mana ƙashin babba ba irin na yaro ba ne: ba ya lanƙwasa, ba ya saurin kamawa, in ya haɗe a karkace haka za a binne ka da shi.

Ya kasance mai doka, kuma dokar tana nan a bangon shago da rubutun hannunsa. Babu ɗori sai da hoto. Ƙashin da ya huda fata, asibiti. Ƙugun tsoho, asibiti. Wuya da gadon baya, kada ma a ɗago mutum a kawo shi. Na tuna ranar da wasu ƙarti uku suka kawo mahaifiyarsu a gadon igiya, ta zame a bakin famfo, ƙafa ta gajarce ta juya waje. Ya duba ya ce su wuce da ita asibiti. Babbansu ya ce, “Haba Ustad, tsoro kake ji?”

Ya ce, “Ƙwarai kuwa. Kai ma da kana da hankali da ka ji. In na ɗaure ta wata uku a kwance, ba ƙashin zai kashe ta ba, kwanciyar ce.”

Aka sa mata ƙarfe. Da ƙafarta ta zo ta'aziyya, da sanda ɗaya.

Ya kasance ba ya sake tambayar ɗan kokawa ko da zafi, don ya san amsar. Farce yake dannawa ya ga ko jini zai dawo da sauri, ya taɓa yatsu ya ji ko sun yi sanyi, ya zura ɗan yatsa a ƙarƙashin ɗaurin. Sannan ya aika gida a tambayi matar mutum ko mijinta ya runtsa. Yakan ce, “Ku maza ba ku da gaskiya, sai dai gashin baki.”

A kan haka ƙungiya ta kore shi. Kuka ce ya zama ɗan aiken likitoci, ya zubar da mutuncin sana'ar iyaye. Ina so ku amsa mini a gaban liman: tun bayan abin da ya same ni, mutum nawa aka yanke wa hannu ko ƙafa daga shagon Miraj Din? Babu ko ɗaya. Mu mutanen unguwar nan mun sani, ku ma kun sani. Sauran shagunan ba zan tambaya ba, yau ranar addu'a ce.

Tufail, kai kamar ɗana ne, ɗago ka dube ni. Da hannun nan ɗaya na ɗauke ka ranar sunanka, kuma Allah Ya sani ina ƙaunarka. Amma Ustad yana kwance ciwon ajali ka ɗaure ƙaurin wani ɗan dako ba hoto, ka ce hoto ɓata lokaci ne, hannunka ya fi na'ura gani. Na ji tsoro da na ji haka, don irin maganar da ni da baffanka muke yi ke nan lokacin ina da hannu biyu. Shagufta, 'yar Ustad, ita ce ta bi mutumin har tasha ta kwance ɗaurin, ta kai shi aka ɗauki hoton, ashe ƙashin gida uku ya rabu.

Shagufta 'yar Ustad ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a ɗakin filasta, kuma tun da idon mahaifinta ya raunana ita ke karanta masa hoto. An ce mace ba ta iya jan cinyar namiji. To, kai Tufail ka ja, ita ta ce ina za a ja. An ce ba a naɗa wa mace rawani. Na yarda, ban zo rushe al'ada ba. Ba zan naɗa wa kowa ba, dama naɗi hannu biyu yake so. Zan ninke shi in miƙa mata, ya zauna a shago a ƙarƙashin dokar da ke bango, kuma maganarta ce za ta ci a wurin. Wanda yake ganin na yi ba daidai ba, ya taso yanzu ya ƙwace shi daga hannun da ya rage mini. Ina jira.

Ba mai tasowa? To, madalla.

Bibi Sugra, mijinki bai bar mana abin kunya ba, ki ɗaga kai. Mun gode wa duk wanda ya tako, da matan da suka wuni a kan tukunya, da matasan fage da suka tona kabari. Ya Allah, Ka gafarta wa Miraj Din, Ka yalwata makwancinsa, Ka sanya kowane ƙashi da ya haɗe a hannunsa cikin mizaninsa. Hannuna kuwa na yafe masa tun tuni, Ka shaida, shi ma ya yafe mini ƙaryar da na yi masa. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Shagufta, matso bakin labule ki miƙo hannu.