Littafina Ya Ɓata a Unguwar Hadayek el-Maadi

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. A dakatar da labaran duniya, ga sanarwa: littafina ya ɓata.

A Wustul Balad, wato tsakiyar birnin nan na Alƙahira, na saye shi, kan tarihin Yahudawan garin. Na kai inda aka ce ba sa yar da takarda mai sunan Allah, sai su adana ta a wurin ibadarsu. Malam Habu, ɗalibin da muke gida ɗaya, ya gani ya ce, "Alhaji, da abin da ake yi a Gaza kake karanta wannan?"

Raina ya ɓaci. Yaushe sanin tarihin mutane ya zama goyon bayan bama-bamai? Washegari babu littafi. Na kira shi jahili mai digiri, na ce khalas, magana ta ƙare, ya je ya nemi wani gida.

Jiya na hango littafin a saman kabad, tare da littattafansa na addini. Habu ya ce, "A ƙasa ka bar shi, kuma akwai sunan Allah a ciki."

Ni na yi kuskure. Masu sauraro, ya riga ya ɗaure kayansa. Yaya zan roƙe shi ya zauna?