Awon Hayaƙi a Teburin Nairobi

KATONGO: Alo? Nsofwa? Ƙanwata! Ya Nairobi?

NSOFWA: Lafiya lau, Yaya Katongo. Kun wuni lafiya? Ya Mama?

KATONGO: Tana nan tana mita, wai kin tafi ba ki ci tuwonta na nshima ba. Ya taro, ya gajiya?

NSOFWA: Da godiya. Ya aiki? Ya jikin 'yarka Mapalo?

KATONGO: Da sauƙi... jiya dai an sake sa mata robar numfashi. Wai ya na ji muryarki kamar daga cikin tulu?

NSOFWA: A banɗaki nake. Yaya, an karɓe min fasfo.

KATONGO: An ba ki me?

NSOFWA: Karɓewa aka yi! Shugaban tawagarmu, wai zai ajiye min.

KATONGO: Kai! Ke da aikinki awon iska, me kika yi?

NSOFWA: Kwana uku ƙasashe na jayayya kan kalma ɗaya. Maƙwabtanmu sun ce a rubuta “dole” a rage hayaƙin da ke tsallaka iyaka, namu sun ce “a yi ƙoƙari”. Mu masana muna bayansu a zaune, sai an waiwayo mu yi magana. Na ba shugaban tawagar awona, ya ce na'urata ce ta lalace.

KATONGO: To sai aka yi yaya?

NSOFWA: Ɗazu wakilin maƙwabta ya ɗaga wata takarda a gaban kowa. Awon cikin gida ne na masana'antar narka tagulla, inda kake aiki! Gubar ta ninka ƙa'ida sau tara, daidai da nawa. Duk tawaga ta juyo tana kallona, wai ni na ba su. Wallahi ban taɓa... Alo? Yaya, kana ji na?

KATONGO: Ina ji.

NSOFWA: To ka ce wani abu mana.

KATONGO: Ni ne.

NSOFWA: Kai ne me?

KATONGO: Ni na ɗauki hoton takardar a ofishin injiniya. Ranar da leɓen Mapalo ya yi baƙi a hannuna saboda hayaƙin nan, na tura wa wani ɗan jarida a tsallaken iyaka. Ban san za ta kai can ba, na rantse!

NSOFWA: Wayyo Allah! Mutum nawa ke shiga ofishin nan?

KATONGO: Mu huɗu.

NSOFWA: Huɗu! Yaya, ka kashe mu. Bayan hutun shayi shugabar taro za ta tambaye ni, a matsayin masaniya, ko alƙaluman gaskiya ne. In na ce ƙarya ne, magana ta mutu, kai ka tsira, hayaƙi ya ci gaba. In na ce gaskiya ne...

KATONGO: Su nemo wanda ya fitar. Na sani. Tun safe wata farar mota ke tsaye ƙofar gidana, ko gilashi ba a sauke ba.

NSOFWA: Ka fita ta baya! Ka kwashi yara zuwa wajen Kawu!

KATONGO: Da yarinya a gadon asibiti? Ina za ni?

NSOFWA: To me zan ce musu? Ga shi an fara buga ƙararrawar komawa taro.

KATONGO: Ki faɗi abin da kika auna.

NSOFWA: Yaya, za su...

KATONGO: Ki faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Tsaya, sun buɗe motar. Su biyu ne. Kada ki sake kiran layin nan.

NSOFWA: Yaya? Yaya Katongo! Alo?