Matakala ta Arba'in da Bakwai

YURANI: Alo? Wa ke magana?

EUFEMIA: Au, har kin manta muryar wadda ta riƙe ki a coci ranar baftisma?

YURANI: Madrina! Uwar baftismata, ki sa mini albarka. Lambar ce ban gane ba.

EUFEMIA: Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Wayar mai kantin bakin titi ce, tawa ta faɗa cikin bokitin wanki. Kina lafiya?

YURANI: Lafiya lau. Ya ƙafar?

EUFEMIA: Me?

YURANI: Ƙafarki! Gwiwar!

EUFEMIA: Tana nan, ta fi ni taurin kai. Ya aikin ofis? Kina dai cin abinci?

YURANI: Ina ci. Ya maƙwabcinki Don Arcesio da tarinsa?

EUFEMIA: Yana nan yana hana kaji barci. Ke da wa kike a gidan?

YURANI: Ni da rediyo. Ya ruwan sama a can sama? Ƙasa ba ta zame ba?

EUFEMIA: Da sauƙi bana. Jiya ma bai hana mu aikin gayya ba, har miyar sancocho muka dafa a babbar tukunya, mutum ya fi... to, haka dai.

YURANI: Gayya? Ba wanda ya faɗa mini. Me aka gina?

EUFEMIA: Ba gini aka yi ba.

YURANI: Madrina, me aka yi?

EUFEMIA: Matakalar hawa tudunmu muka fara cirewa. An liƙa takarda a jikin coci, wai Litinin ta sama motocin rusau za su zo, za a fara titin da zai bi ta wurinta. Jama'a suka ce kafin ƙarfe ya taɓa ta, kowa ya zo da guduma ya cire tasa.

YURANI: Wayyo Allah.

EUFEMIA: Kin san kowane gida da matakalarsa, sunan mai gida a rubuce tun siminti na ɗanye. Ɗari biyu da sha ɗaya, a kafaɗa muka hau da yashin. Jiya kowa ya ɗauki tasa ya kai tsakar gida. Maƙwabciyarmu Nubia a ƙarƙashin gado ta sa ta mijinta. Alo? Kina ji na?

YURANI: Ina ji. Na rantse miki ban san haka manyan ofishinmu za su yi da takardar da kuka sa wa hannu ba. Ta halartar taro ce, Madrina. Kowa ya sa hannu a ba shi burodi da lemo, shi ke nan. Su ne suka haɗa ta da zanen titin suka ce unguwa ta amince.

EUFEMIA: Su wa? Mu ba mu san su ba. Injiniyan nan mai farar hula ya zo sau uku, ba wanda ya taɓa masa biro. Ke kika miƙo.

YURANI: Na sani.

EUFEMIA: Kika ce, Madrina, fara sa naki. Ni da ba na ganin ƙananan baƙaƙe. Da na sa, layi ya biyo ni har bakin ƙofa.

YURANI: Taro tara na yi da ku. Kowa ya zana abin da yake so a taswira, na kai musu da hannuna, har na rubuta da ja cewa kada a taɓa matakala. Ashe taswirar a bayan kabad ta ƙare. Sa hannun kawai suke jira.

EUFEMIA: To kin yi karatu ke nan, bayan na jami'a.

YURANI: Na yi, da tsada. Yanzu duk unguwar da aka tura ni, sai na karanta takarda da ƙarfi, kowane layi, kafin in ba mutum biro. In an ce a raba abinci, sai bayan an tashi. Shugabana ya ce ina ɓata lokaci. A ofis suna kirana lauyar 'yan tudu, ba mai zama da ni a teburin cin abinci. A tudun kuma...

EUFEMIA: A tudun ana ce miki 'yar ofis.

YURANI: Wata biyu ba wanda ya kira ni sai ke yau. Ranar Lahadi nakan hau bas har gindin tudu, in zauna a ciki, direba ya juyo da ni.

EUFEMIA: Alo? Ya juyo da wa?

YURANI: Ba komai. Layin ne.

EUFEMIA: Ni ma ba daɗi nake ji ba. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Shekara talatin ni ke riƙe ludayin sancocho, jiya Nubia aka ba. Ɓare albasa aka sa ni.

YURANI: Ki yafe mini, Madrina.

EUFEMIA: Bar wannan. Abin da ya sa na kira, matakalar babanki ce. Ta arba'in da bakwai.

YURANI: An fasa ta?

EUFEMIA: Tana nan lafiya, har da sawun ƙafarki da ya danna a gefen sunansa kina jaririya. Ita kaɗai ta rage a tsakiyar tudu, samanta turɓaya, ƙasanta turɓaya. Arcesio ya ɗaga guduma, sai ya ajiye. Ya ce 'yar mai ita na da rai, ta zo da kanta.

YURANI: Da faɗa ya faɗa, ko da...

EUFEMIA: Ban auna ba. Ni dai ba zan iya ɗaga ta ba, ta fi buhun siminti. Ki zo Lahadi da wanda zai kama miki.

YURANI: Wa zan zo da shi? Ba ni da kowa, Madrina.

EUFEMIA: To ki zo ke kaɗai. Kada dai ki sa rigar ofis ɗin nan mai tambari.

YURANI: Zan zo. Zan tsaya a gaban coci in faɗa musu yadda aka yi, wanda zai zage ni ya zage ni. Abu ɗaya nake roƙo. In na tsaya, za ki tsaya kusa da ni?

EUFEMIA: Yurani...

YURANI: Ba sai kin ce komai ba. Ki tsaya kawai.

EUFEMIA: An tashi daga addu'a, ga su Nubia nan gangarowa. Bari in ajiye kafin su tambaye ni da wa nake magana.

YURANI: Madrina, ba ki amsa ba. Alo? Madrina?