Gwiwar da Ta Girmi Mai Ita

Salamar Ubangijinmu Yesu Kristi ta kasance tare da ku duka. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, 'yan'uwana matasa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Wanda ya tashi da rai yau ya ce Halleluya!

Sunana Habila. Wanda bai san ni ba ya san mahaifiyata, Mama Saratu mai busasshen kifi a Kasuwar Jalingo. Ga ta can a layi na biyu tana yi mini ido wai kada in daɗe. Mama, ki yi haƙuri, yau sai na faɗe shi duka.

Ni ɗan ƙwallo ne, ɗan baya. Tun muna bugawa ba takalmi a filin makaranta ake ce mini Katanga. Shekara goma sha ɗaya na yi a waje, ƙasa shida, kulob tara. Na san wasunku sun sha zama a gidan kallo suna jiran fuskata ta fito. Ku yafe mini. Inda na buga, ko mai ɗaukar hoto ba ya zuwa sai in ɗansa yana cikin 'yan wasa.

Abin ya fara ne a Legas, a ofishin wani ejan, irin masu nema wa 'yan wasa kulob a waje. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Shekarunka nawa?"

Na ce, "Ashirin da huɗu, Oga."

Ya ce, "Ban ji ba."

Na ɗaga murya na sake faɗa. Sai ya yi dariya ya ce, "Sha takwas. Daga yau shekarunka sha takwas. A can ba a sayen tsohuwar kaza."

'Yan'uwa, ba wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Ni na ce to. Kafin sati biyu an kawo mini takardu, shekara shida sun ɓace kamar an share da tsintsiya.

Da na zo gida sallama, ƙanwata Rifkatu ta duba takardar ta faɗi ƙasa don dariya. Ta ce, "Ashe ni ce babba yanzu! Daga gobe ka riƙa zuwa kana gaishe ni da safe." Kowa ya yi dariya ban da Mama. Ita ta ce, "Ni na haife ka, a shekarar da ruwa ya cinye gonar babanka a Iware. Takarda ba ta yi naƙuda ba." Ta ci gaba da jera kifinta a kwando. Na yi kamar ban ji ba.

Ba zan ce muku duk shekarun nan wahala na sha ba, don ban zo nan in ƙara wata ƙarya ba. Na ji daɗi. Na ga duniya. Na fara da Kwatano, daga can na wuce Tunisiya. A Albaniya na fara ganin ƙanƙara tana zuba daga sama, na sa safa uku a kowace ƙafa har takalmi ya ƙi shiga. A Bangaladash na tarar da mutanen da suka fi mu cin barkono, ni da nake taƙama. A Biyetnam an ba ni wani nama mai daɗi, na cinye, na ce a ƙara, har yau ban tambayi sunansa ba, kuma ba na so a gaya mini. Jaka ɗaya gare ni. Kakar wasa ta ƙare, a ce an gode, in ɗauki jakata in nemi gaba. Na iya cewa "bar shi", "ga shi a bayanka" da "yaushe za a ci abinci" a yare biyar.

Amma ƙarya ba ta zama inda ka ajiye ta. Kullum sai ka ciyar da ita.

Kowace shekara 'yan wasa su kawo mini kek a watan da ba a haife ni ba, su yi mini waƙa, in hura kyandir ina murmushi. Ranar haihuwata ta gaske, Mama kaɗai ke kira, in shiga banɗaki in amsa. Furfura ta fara fitowa, na koma aske kai da gemu duk bayan kwana biyu, suka ce ni mai tsabta ne. Sujada kuwa na daina zuwa. In na durƙusa zan yi addu'a sai in ji kamar ana tambayata, wane Habila ne yake magana?

Sai jiki ya fara nasa lissafin. Takarda ta ce ina ashirin da shida, gwiwa ta ce a'a. Koci ya busa usur ya ce matasa su ƙara zagaye biyar, dattawa su huta, ni kuma ina cikin matasa! Wani abokin wasa ya ba ni ƙwayar kashe ciwo, ya ce ɗaya kafin wasa ta isa. Ta isa ɗin, na wata biyu. Daga nan na koma sha kafin atisaye. Daga nan sai na sha kafin in iya saukowa daga gado. Ina ɓoye ta cikin safa, cikin kwalbar man shafawa, ko'ina. In ta kusa ƙarewa sai in yi faɗa da wanda bai yi mini komai ba. Shekara uku ina bauta wa abin da bai kai ƙwayar wake ba.

Ƙasar ƙarshe da na buga ita ce Oman. Wata rana da yamma mun gama wasa, muna tafiya wajen mota ni da 'yan wasanmu, sai na ji an ƙwala kira da Hausa daga bayan shinge: "Katanga! Habila na Mama Saratu!"

Na juya. Ishaku ne, wanda muka zauna benci ɗaya tun aji ɗaya na firamare a nan Jalingo. Ashe yana can yana aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ga shi da tumbi, ga sanƙo, ga furfura a gemu. Yana tsalle yana gaya wa abokan wasana da Turanci, "Ajinmu ɗaya da shi! Tare aka yi mana baftisma!"

Golanmu ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Ajinku ɗaya da wannan baban?"

Ikilisiyar Allah, ku ji abin da na yi. Na dubi Ishaku ido cikin ido na ce, "Ban san shi ba. Ya yi kuskure ne." Na shige mota. Ta gilashi na ga ya sauke hannunsa a hankali.

Bayan kwana uku mai gadin gidan da kulob ya ba mu ya miƙo mini wata kular abinci, ya ce wani ya ajiye. Na buɗe. Tuwon masara ne da miyar karkashi, har da busasshen kifi a ciki. A kan murfin an manna 'yar takarda: "Ko ba ka san ni ba, ni na san kana son karkashi. Muna sujada ranar Juma'a da safe. Ga lambata."

Na zauna a ƙasa na ci tuwon nan ina kuka kamar yaron da aka yaye. Na cinye tas, ba zan ɓoye muku ba, kuka bai hana ni lashe kwano ba.

A satin nan ne kuma kulob ya kira ni. Kocinmu, wani dattijon Bature daga gabashin Turai, ya ce suna so in ƙara shekara biyu, kuma za su ba ni kyaftin. A duk yawona ba wanda ya taɓa cewa in zauna. Wannan ne karo na farko. Ya ce in je a duba lafiyata, ranar Lahadi in sa hannu a kwantiragi.

Likitar kulob, wata 'yar Indiya mai fara'a, ta ɗaga hoton gwiwata ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Habila, gwiwar nan ta girme ka." Ta yi dariya. Ni ban iya ba. Ta ajiye hoton ta ce a hankali, "Me kake sha? In ka ci gaba a haka shekara biyu, ba ƙwallo kaɗai za ka rasa ba."

Ranar Juma'a da safe na kira Ishaku. Bai ce mini komai game da abin da na yi ba. Cewa ya yi, "Ka tsaya a bakin titi, ga ni nan zuwa." Ya kai ni wani ɗaki inda mutum kamar ashirin suke taruwa, 'yan Filifin, 'yan Kenya, 'yan Indiya, da mu biyu. Aka yi waƙa, aka ce kowa ya yi addu'a da yarensa.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na buɗe baki ban san abin da zan ce ba. Abin da ya fito shi ne: "Ya Yesu, ni ne Habila. Shekaruna talatin da biyar."

Shi ke nan addu'ar. Shekara goma sha ɗaya bakina bai faɗi gaskiyar shekaruna ba. Ina faɗa na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Sauran ya biyo baya da kansa, ƙwayar, fushin, musun da na yi wa ɗan'uwana. Wata tsohuwa 'yar Filifin da ke gefena, ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji, ta dafa kafaɗata tana ta cewa Amin, Amin. Ishaku ya rungume ni ya ce, "Yauwa. Yanzu ka dawo ajinmu."

Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Ranar Lahadi na shiga ofishin koci. Ga takarda a tebur, ga biro. Shaiɗan ya ce mini, sa hannu kawai, ai ka riga ka tuba, Allah ya ji. Amma na san in na sa hannu a ƙarƙashin shekarun ƙarya, na koma inda na fito. Na ce, "Koci, ba ashirin da tara nake ba. Talatin da biyar nake. Kuma shekara uku ke nan ƙwaya ce take buga maka baya, ba ni ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Can ya ce, "Talatin da biyar?" Na ce e. Ya ce, "Ni na ɗauka talatin da takwas ne."

Muka fashe da dariya mu biyu, har hawaye. Amma da dariya ta ƙare ya gaya mini gaskiya. Ya ce dole ya sanar da shugabannin kulob, ba kwantiragi, ba kyaftin, kuma wasana a ƙasar ya ƙare. Haka kuwa aka yi. Kada wani ya ce muku gaskiya ba ta da tsada. Na rasa abin da na yi shekara goma sha ɗaya ina nema, saura kawai in ɗauki biro. Sai dai da zan fita ya miƙo mini hannu ya ce, "Na horar da 'yan wasa da yawa irinka. Kai ne na farko da ya shigo ya faɗa da bakinsa."

Rabuwa da ƙwaya ba ta zo rana ɗaya ba. Allah ya yi amfani da likitar nan, ta riƙa rage mini a hankali na tsawon makonni, ko da yake na riga na bar kulob ɗin. Ishaku ya ba ni katifa a ɗakinsa. Akwai ranakun da zufa ke karyo mini, jiki na rawa, in ce masa ba zan iya ba. Sai ya ce, "Ba kai za ka iya ba. Tashi mu yi addu'a, in mun gama ka yanka mini albasa." Haka muka yi ta yi, addu'a da albasa, har ranar da na tashi da safe na lura kwana uku ban tuna da ƙwayar ba.

Da na sauka Jalingo ban wuce gida ba, kasuwa na nufa da jakata. Mama tana auna wa wata mata kifi. Ta ɗago ta gan ni, ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Wanne ne ya dawo, babban ko ƙaramin?"

Na ce, "Babban, Mama."

Sai ta saki mudun ta kama rawa a tsakiyar layin masu kifi. Maƙwabciyarta Inna Hajara, wadda ba ta ma san abin da ya faru ba, ta taya ta da guɗa.

Yau shekara biyu ke nan ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakina ba. Na je na gyara takarduna, na sha tambayoyi da zirga-zirga, amma an gyara. Ina noman shinkafa a wajen garin Mutum Biyu tare da kawuna, ranar Asabar kuma ina horar da matasan unguwarmu. Duk wanda ya zo wurina, abin da nake fara tambaya shi ne shekarunsa, kuma mahaifiyarsa nake sawa ta faɗa.

Waɗanda suka zo fili satin da ya wuce sun ga wasan da aka yi tsakanin Zumuntar Maza da matasa. Kun ga ɓangaren da na tsaya. Cikin dattawa na buga, ni da Baba Sakatare a baya, shi yana haki ina haki. Yaran nan suka zura mana huɗu, muka rama ɗaya, ita ma ɗin Baba Fasto ne alƙalin wasa, Allah kaɗai ya san yadda ta shiga. Ban taɓa jin daɗin wasa kamar wannan ba, a duk ƙasashen da na je.

Don haka ɗan'uwana, 'yar'uwata, ban san abin da kake ɓoyewa ba. Wataƙila ba shekaru ba ne. Wataƙila abin yana cikin aljihunka yanzu haka, ko cikin wayarka, ko cikin zuciyarka. Kada ka jira sai ka tsara doguwar addu'a. Ka durƙusa ka faɗa wa Yesu sunanka da gaskiyar halinka, ya riga ya sani, bakinka yake jira. Abin da za ka rasa za ka rasa, amma ina tsaye a gabanku a kan ƙafafuna biyu ina shaida cewa abin da zai ba ka ya fi shi.

Na gode wa Allah Uba, na gode wa Yesu Mai Cetona, na gode muku da kuka saurare ni. Ku taya ni ɗaga murya mu ce Halleluya!