Abdurra'uf, Wanda Ya Ƙi Yarda da "Kashe Ka Kunna"

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Malam Liman, Baba Badamasi mahaifin marigayi, Hajiya Zuliha matar marigayi da 'yarku Lailatu, jama'ar Gwaram da baƙinmu na Birnin Kudu, sannunmu da wannan rashi.

Kun san ni, Barau. Sakandare na tsaya, daga yaron mota na kai inda nake, ban kuwa saba roƙon kowa ba. Amma na roƙi Abdurra'uf.

Shekarar da na kawo injinan ban ruwa masu sola fadamar Maruta, manoma sun yarda da ni suka dasa tumatir. Sai ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan ta riƙa sandarewa, ba ranar da za ka ce ga ta. Shuka na yaushi, ana nuna ni a kasuwa. Kowa cewa yake, "Kashe ka kunna."

Na kai kukana wurin Abdurra'uf, masanin manhajar kwamfuta. Ya kasance ba ya son wannan kalma. Ya ce mini, "Alhaji, ciwon na can cikin zuciyar manhajar, abin da muke kira kanel. Akwai guntun umarni, makro, kamar hatimi ne: in da aibi a jikinsa, duk inda aka buga shi ya bar aibin. Wannan yana barin ayyuka biyu su taɓa wuri ɗaya lokaci ɗaya."

Na ce, "Wato 'yan kamasho biyu sun sayar da kujera ɗaya?"

Ya yi dariya har da tari. "Da ka yi karatu, Alhaji, da ka ƙwace mini aiki."

Ya kasance mai haƙuri. Matsalar in an sa mata ido sai ta ɓuya, shi kuwa ya zauna mata, ga jinya tana cin sa, har ya kama ta. Gyaran layi kaɗan ne. Ya ƙi ɓoye shi, ya tura wa masu kula da manhajar don kowa ya amfana.

Baba, ka sha tambayata ko zaman da yake yi a ɗaki gaban kwamfuta aiki ne. Aiki ne, wallahi. Hajiya Zuliha, mun ci lokacin da ya kamata ya zama naki, ki yafe mana.

Lailatu, duk wanda ya tambaye ki sana'ar babanki, ki kawo shi wurina in kai ku Maruta. Ruwan bai sake tsayawa ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da gonakinmu. Amin.