Karen da Aka Kulle a Ɗakin Janareta

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Binta ce daga Gyaɗi-Gyaɗi, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Muna da kare, Damisa, shekara shida yana gadin gidanmu. Washegarin Babbar Sallah dangi suka taru a wurinmu suyar nama. Na san halin mutanenmu da kare, shi ya sa tun safe na ɗaure shi a inuwar darbejiya a bayan gida, na cika masa kwano da ruwa.

Da azahar aka shimfiɗa tabarmi. Sai yayana da ya zo daga Unguwa Uku ya ce haushin kare zai hana su sallah. Ya ja shi da sarƙa, ya kulle shi a ɗakin janareta, bai gaya wa kowa ba. Rufin kwano, ba taga, ga janareta yana aiki saboda firjin nama!

Sai da la'asar na same shi kwance, harshe a waje, ko kai ba ya iya ɗagawa. Da ƙyar muka samu mai adaidaita da ya yarda ya kai mu asibitin dabbobi.

Na ɗaga murya na ce, "Yaya, me ya yi maka?" Ya ce, "Kare ne fa, Binta."

Kare ne, amma ai rai ne! Jama'a, in za ku tara baƙi, ku riƙa leƙa dabbarku da kanku.

Malam, a ba ni shawara. Damisa ya tashi, amma da ya ji ƙarar janareta sai ya shige ƙarƙashin mota yana rawar jiki. Yaya kuwa yana can yana jira in je in ba shi haƙuri. Tsakani da Allah, wa aka yi wa laifi?